Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi Ne: Abin Da Mai Raba Wasiƙun Holan Ya Gane A 2006

Idan aka ambaci ƙasar Holan a tsakanin 'yan kasuwarmu, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne atamfa 'yar Holan da kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, sai kuma madarar gwangwani ta Peak. To amma yau maganar wani ɗan ƙasar ce ta kawo mu, mai suna Raymond van Barneveld, wanda ya fara neman abincinsa yana bi gida-gida yana raba wasiƙu, daga baya ya zama zakaran duniya har sau biyar a wasan jifa da 'yan kibau, wanda Turawa ke kira dats. Abin da ya sa na ga ya cancanci a ba shi fili a wannan shafi shi ne wata shawara da ya yanke a shekarar 2006, irin wadda duk mai rumfa a kasuwa zai iya fuskanta wata rana: ko dai ya ci gaba da zama babba a kasuwar da ke ja da baya, ko kuma ya kwashe kayansa ya koma wadda ke cika, inda babu wanda zai tashi ya ba shi wurin zama. A ra'ayina mutumin ya yi daidai da ya tashi, kuma ya tashi a lokacin da ya dace.

Kafin mu yi nisa, bari a bayyana wasan a taƙaice domin mai karatu ya fahimci inda aka dosa. Akan rataya wani faifai a bango yadda cibiyarsa za ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma ya tsaya a tazarar mita 2.37. An kasa faifan gida 20, kowane gida da lambarsa. Akwai siririn zobe a bakin faifan, wanda in kibiya ta faɗa cikinsa ake ninka lambar gidan sau biyu, da wani siririn zoben a ciki mai ninkawa sau uku, ita kuwa cibiyar maki 50 ce. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, suna jifa bi da bi, kibiya uku-uku, ana ɗebe abin da mutum ya samu, wanda duk ya riga kai wa sifiri daidai shi ya ci turmin, kamar yadda ake faɗi a dambe. Sharaɗin shi ne kibiyar ƙarshe ta faɗa a zoben ninki biyu ko a cibiya. Mafi yawan abin da kibiya uku ke kawowa maki 180 ne, kuma gwanin gwanaye ba zai iya gama turmi da ƙasa da kibiya tara ba. A gasar duniya wanda ya ci turmi uku ya ci zango ɗaya, da zanguna ake ƙirga nasara. Ashe ke nan wasa ne na saiti da lissafin ka da kuma dakewar zuciya a gaban dubban 'yan kallo masu ihu.

An haifi Barneveld ranar 20 ga Afrilu, 1967, a birnin Heg, inda kotun duniya take. A lokacin da ya taso wasan yana hannun mutanen Birtaniya, su ke da manyan gasanni, su ke da mafi yawan zakaru. Shi kuwa ma'aikacin gidan waya ne, jifa sai in an tashi daga aiki. Tun 1991 ya fara zuwa gasar duniya da ake yi a zauren Lakeside da ke kudancin Ingila. A 1995 ya kai wasan ƙarshe, wani ɗan yankin Wales mai suna Richie Burnett ya kayar da shi. Bayan shekara uku, a 1998, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, ya rama da zango 6 da 5, ya zama ɗan Holan na farko da ya ɗauki wannan kambi. Ya kare shi a 1999, ya sake ɗauka a 2003 da 2005. A dalilinsa ne wasan ya samu karɓuwa a Holan, gidajen talabijin suka shiga nuna shi, yara suka shiga rataya faifai a ɗakunansu, aka laƙaba masa suna Barney.

Sai dai fa akwai wata ƙura a bayan wannan ɗaukaka. Ƙungiyar da ke shirya gasar Lakeside, wato BDO, wadda aka kafa a 1973, ba ita kaɗai ke cin kasuwar ba. A ƙarshen shekarun 1980 gidajen talabijin na Birtaniya sun janye daga nuna wasan, har ta kai gasar duniya kaɗai ta rage ana nunawa, abin da 'yan wasa ke samu ya ragu matuƙa. Ganin haka ne manyan 'yan wasa 16 suka ɓalle a tsakanin 1992 da 1993, suka kafa tasu ƙungiyar da daga baya aka sani da PDC, suka ƙulla da gidan talabijin na Sky. BDO ta haramta musu shiga gasanninta, aka yi ta shari'a har sai a 1997 aka sasanta. Daga 1994 sai ya zama kowace shekara ana naɗa zakaran duniya biyu, ɗaya a nan, ɗaya a can. Kuma wanda kowa ya yarda ya fi kowa iya jifa a wancan zamani, Phil Taylor ɗan Ingila, yana ɓangaren PDC. A 1999 an haɗa zakarun biyu wasa na musamman a Wembley, Taylor ya lallasa Barneveld da turmi 21 da 10. Saboda haka duk kambin da ɗan Holan ya ɗauka a Lakeside, akwai masu cewa ai dodon ba ya nan ne.

A watan Janairun 2006 Barneveld ya sake kai wa wasan ƙarshe a Lakeside, sai wani yaro ɗan ƙasarsu mai shekara 21, Jelle Klaasen, ya kayar da shi da zango 7 da 5. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Fabrairu ya fito ya sanar cewa ya koma PDC, dalilin da ya bayar kuwa shi ne yana son ya gwada ƙarfinsa da waɗanda suka fi kowa, musamman Taylor. A lokacin yana da shekara 38. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da wannan mataki ya ci masa. A BDO shi ne uban gida, duk gasar da ya shiga shi ake sa ran zai ci. A PDC kuwa ana jera 'yan wasa ne gwargwadon abin da suka yi a gasannin ƙungiyar, shi kuma ba shi da ko ɗaya, kambinsa huɗu ba su ƙara masa komai a jerin ba. Tamkar babban dila ne da ake zuwa gaishe shi a rumfa, ya wayi gari yana baza kaya a bakin hanya a garin da ba nasa ba.

Dalilin farko da ya sa na ce ya yi daidai shi ne ya dubi inda kuɗi da jama'a suka nufa, bai tsaya kallon kujerar da yake kai ba. Tun da Barry Hearn, wani gogaggen mai shirya wasannin dambe da sinuka, ya karɓi ragamar PDC a 2001, gasanninta suka ƙaru, ladan da ake bai wa 'yan wasa ya yi ta hawa, ana cika manyan zauruka. Ita kuwa BDO kusan duk armashinta ya tattara ne a mako guda na watan Janairu. Mai ido ya san kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara ba za ta riƙe manyan fatake ba, alhali ga wata a kusa tana ci kowane mako.

Dalili na biyu shi ne ya tashi tun da sauran ƙarfi a hannunsa. Wasu sun ce haushin kayen da yaro ya yi masa ne ya kore shi. To ko da akwai haushi a ciki, abin da ya biyo baya ya nuna jarinsa bai karye ba. Wata ɗaya kacal da komawarsa, a watan Maris na 2006, ya gama turmi da kibiya tara a gasar Firimiya ta PDC a garin Bournemouth, abin da ba a taɓa yi a gasar ba kafin shi. A watan Yuni ya ci gasar UK Open a Bolton. Da ya bari sai hannu ya fara rawa, ido ya fara dushewa, sannan ya ce zai sauya sheƙa, da ya je ya zama abin tausayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na uku shi ne ya yarda ya bi layi daga baya. Da aka zo gasar duniya ta PDC a ƙarshen 2006, a matsayi na 32 aka jera shi, shi da ya ɗauki kambi huɗu. Haka ya yi ta ture abokan karawa har ya kai wasan ƙarshe ranar 1 ga Janairu, 2007, a zauren Circus Tavern da ke Purfleet, gabas da Landan, inda ya tarar da Taylor, wanda a lokacin ke da kambin duniya 13. Taylor ya cinye zango uku na farko a jere, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sannu a hankali Barneveld ya farfaɗo har aka yi 6 da 6, zangon ƙarshe ma aka yi kunnen doki, sai da aka kai ga turmi guda na raba gardama. Taylor ya buɗe da maki 180, Barneveld ya mayar masa da 180, daga ƙarshe ya rufe da ninki biyu na lamba 20. Ya tashi da zango 7 da 6 da ladan fam 100,000, wato kusan sefa miliyan 100 a canjin wancan lokaci. Har yau masu bin wasan da dama na sa wannan karawa cikin mafi kyau da aka taɓa yi. Wata 11 da barin gidan da ya saba, ya amsa tambayar da ta yi shekaru tana bin sa.

Yanzu sai mu waiwayi kasuwar da ya bari. A watan da ya kayar da Taylor, wasu 'yan Holan uku suka bi sahunsa zuwa PDC, cikinsu har da Klaasen da wani yaro mai shekara 17, Michael van Gerwen. Daga nan kusan kowace shekara sai wasu gwanayen BDO sun tsallaka. Gidan talabijin na BBC ya daina nuna gasar Lakeside bayan ta 2016. A 2020 BDO ta ɗauke gasar daga Lakeside ta kai ta Landan, tikiti bai sayu ba, aka zaftare ladan, zakaran shekarar, Wayne Warren, ya karɓi fam 23,000 a maimakon fam 100,000 da na gabansa suka saba karɓa. Kafin shekarar ta fita ƙungiyar ta durƙushe gaba ɗaya. A can ɓangaren kuwa, zakaran PDC ya fara karɓar fam 500,000 tun daga gasar 2019, kuma aka ɗaga ladan zuwa fam miliyan ɗaya a gasar 2026. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

Duk da haka akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abin saurare ce. Na farko su ne masu cewa butulci ne mutum ya juya wa gidan da ya rene shi baya. Sukan kawo misalin Martin Adams ɗan Ingila, wanda ya ƙi barin BDO duk da kiran da aka yi ta yi masa, ya kuma ɗauki kambinta a 2007 da 2010 da 2011. Babu mai raina amanar Adams, zaɓinsa ne kuma ya rayu a kansa da mutunci. Amma Barneveld ya yi shekara 15 yana zuwa Lakeside, shi ya jawo wa gasar 'yan kallon Holan, ya gama gasar 2006 har wasan ƙarshe sannan ya fito fili ya ce ya tafi. Wanda ya yi wa ubangidansa hidima irin wannan, ya kuma yi sallama da rana tsaka, ba a kira shi butulu. Amana tana kan cika alkawari da biyan bashi da faɗin gaskiya, ba ta wajabta wa mutum ya zauna a rumfa har rufinta ya faɗo masa a ka ba.

Na biyu su ne masu cewa babbar kasuwar ta cinye shi. Gaskiya ne bayan 2007 bai sake ɗaukar kambin duniya ba. A 2009 ya sake kai wa wasan ƙarshe, Taylor ya yi masa 7 da 1. A shekarar ce kuma aka gano yana da ciwon suga, cutar da ke wahalar da mai sana'ar da ta dogara da ido da natsuwa, ga yawan tafiye-tafiye kusan kowane mako. Bugu da ƙari yaran da suka taso suna kallonsa a talabijin su suka zo suka sha gabansa, van Gerwen ya ɗauki kambin duniya a 2014 da 2017 da 2019. Da ya zauna a Lakeside, mai yiwuwa da ya ƙara kambi biyu ko uku. To amma a duba abin da ya samu a shekarun da ake cewa na koma baya ne. Ya hau matsayi na ɗaya a jerin PDC a 2008. Shi ne na farko da ya gama turmi da kibiya tara a gasar duniya ta PDC, a watan Janairun 2009, kuma Klaasen ɗin nan ya yi wa. Ya ci gasar Grand Slam a 2012 da ta Firimiya a 2014, duka biyun van Gerwen ya kayar a wasan ƙarshe. Ya ɗauko wa Holan kofin duniya na ƙasashe sau huɗu, a 2010 da 2014 da 2017 da 2018. A 2016 kuma PDC ta fara kai gasar Firimiya birnin Rotterdam, abin da ba zai yiwu ba in da babu 'yan kallon da ya tara tun daga 1998. Idan wannan ne faɗuwa, to da yawa za su so su faɗi haka.

Inda nake ganin ya yi kuskure shi ne wajen ajiye sana'a. A ƙarshen 2018 ya sanar cewa shekara ɗaya ta rage masa. A watan Maris na 2019, bayan an fitar da shi daga gasar Firimiya a gaban 'yan ƙasarsa a Rotterdam, ya ce ya daina daga wannan dare, washegari kuma ya janye maganar. A watan Disamba wani Ba'amurke mai suna Darin Young ya fitar da shi a wasansa na farko a gasar duniya, ya tafi gida yana da shekara 52 cikin ɓacin rai. Shawarar da aka yanke cikin fushi ba ta cika ɗorewa ba, shi ya sa kafin shekara ta zagayo ya ce zai dawo. Sai dai a nan ma halin nan nasa ya sake bayyana. Tun da ya rasa katin shiga gasannin PDC, a watan Fabrairun 2021 ya je ya shiga gasar tantancewa tare da sababbin shiga, wasu sa'o'in 'ya'yansa, ya samu katin, kuma a watan ya ci ɗaya daga gasannin ƙungiyar. A watan Disamban 2023, yana da shekara 56, ya kai zagayen 'yan 16 a gasar duniya, inda Luke Littler mai shekara 16 ya fitar da shi. An haifi Littler ne kwana 20 bayan daren da Barneveld ya kayar da Taylor. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Wannan wasa ya taso ne a mashayar Ingila, kamfanin taba ne ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar BDO, kamfanonin caca kuma suka yi shekaru suna ɗaukar nauyin ta PDC. Ba kira nake yi ga kowa ya bi wannan hanya ba, balle ya zuba kuɗinsa a caca. Amma hikima kayan mumini ce, inda duk ya tsince ta sai ya ɗauka, kuma yadda mutum ya karanci kasuwarsa abin koyi ne ko da hajarsa ba irin tamu ba ce.

Ku da ke cin kasuwannin kan iyaka kun fi kowa sanin cewa hanya kan mutu, wata ta buɗe. Kun ga yadda rufe iyakokin Najeriya daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsayar da fatauci, kun kuma ga yadda rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 2023 ya karkatar da kaya zuwa wasu hanyoyi. A irin wannan hali wanda ya fi shan wuya sau da yawa shi ne wanda ya fi suna a tsohuwar hanya, domin girman da ake ba shi yakan hana shi ganin cewa masu saye sun ragu, kuma yana jin nauyin ya je inda za a ɗauke shi baƙo. Ba cewa nake yi kowa ya kwashe kaya da zarar ciniki ya yi sanyi na wata ɗaya ba, don gaggawa ma tana karya jari. Abin da tarihin mutumin nan ke nunawa shi ne a riƙa ƙirga masu shigowa da masu fita, a lura da inda manyan fatake suka karkata, in kuma alamu sun taru, a motsa tun jari na da kauri, a biya basussuka, a yi sallama da mutunci, a kuma yarda a fara daga ƙasa a sabon wuri. Barneveld ya yi haka yana da shekara 38, ƙungiyar da ya bari kuwa ta ƙara shekara 14 kafin ta rushe, wanda ke nuna cewa kasuwa kan daɗe tana mutuwa mazauna cikinta ba su ankara ba.

Allah Ya ba mu basirar gane lokaci, Ya sa albarka a cikin neman da muke yi, Ya kuma buɗe mana hanyoyin halal. Amin.